SARI KO ƊAI-ƊAI? LISSAFIN MAI YAWON BUƊE IDO A BAKIN KOGIN ZAMBEZI

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da kuɗinsa a aljihu ya san tambayar da kan tsaya wa mai saye a rai: shin ya ɗauki kaya a kan sari a yi masa ragi, ko kuwa ya tsaya ya zaɓa ɗai-ɗai ya biya kowanne a kan kuɗinsa? Mai sayen kwandon tumatir a rufe ya sami sauƙi, amma ba zai san abin da ke ƙasan kwandon ba sai ya isa gida. Mai tsinta ɗai-ɗai kuwa ya san abin da ya saya, sai dai ya biya da tsada, ya kuma ɓata lokaci.

To, wannan tsohuwar tambaya ta kasuwa ita ce ke jiran mai yawon buɗe ido a duk inda ake sayar da wasannin kasada na daji da na ruwa. Da saukarsa otal za a miƙa masa takarda mai hotuna, a ce masa ga tikitin haɗaka, watau wasanni uku ko huɗu a yini guda, mota ɗaya, biya ɗaya, da ragi. Ko kuwa, in ya ga dama, ya nemi kowane wasa daban, a ranar da ya so, a hannun kamfanin da ya so. Maganar ba ƙarama ba ce ga ɗan Nijeriya, domin da dala ake wannan ciniki, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, har ta kai a 2024 dala ɗaya ta haura Naira 1,500, kowace dala goma da ta salwanta kuɗi ne da mai iyali zai ji a jikinsa. Bayan kuɗi kuma akwai abin da ya fi kuɗi, watau lafiyar jiki da rai.

Babu inda ya fi dacewa a auna wannan al'amari kamar magangarar ruwan Biktoriya, a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, domin a nan ne wannan sana'a ta fi bunƙasa a duk nahiyar Afirka.

Hayaƙi Mai Tsawa

Mutanen wurin suna kiran magangarar Mosi-oa-Tunya, ma'ana hayaƙi mai tsawa. Baturen nan mai yawon bincike, David Livingstone, ya gan ta a watan Nuwamba na 1855, ya laƙaba mata sunan Sarauniyar Ingila ta zamanin. A nan kogin Zambezi, mai faɗin mita 1,708, yake faɗawa gaba ɗayansa cikin wani rami mai zurfin da ya kai mita 108. Mai karatu da ya taɓa zuwa Gurara ta Jihar Neja, wadda tsayinta kimanin mita 30 ne, sai ya ƙiyasta abin da ya ninka ta fiye da sau uku a tsayi, ya kuma fi kilomita ɗaya da rabi a faɗi. A 1989 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya.

Daga ƙasan magangarar, kogin yakan matse ya shiga wani kwazazzabo mai suna Batoka. A kan bakin kwazazzabon akwai gadar ƙarfe da aka gama a 1905, bisa burin Cecil Rhodes na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga kudancin Afirka zuwa Masar, ko da yake shi bai rayu ya gan ta ba. Garuruwa biyu ne ke cin abinci da wannan wuri: Livingstone a ɓangaren Zambiya, kimanin kilomita 10 daga ruwan, da kuma garin da ke ɗauke da sunan magangarar a ɓangaren Zimbabuwe.

Hajar da ake tallawa kuwa ga ta. Akwai tuƙin kwalekwalen roba a cikin kwazazzabon, inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu, wasan da aka fara a wannan kogi a 1981. Akwai tsallen igiya, inda akan ɗaura wa mutum igiyar roba a ƙafa ya diro daga kan gadar, zurfin mita 111. Akwai lilo a kan kwazazzabo, da silalowa a jikin waya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai shawagi a jirgi mai saukar ungulu na kimanin minti 12 zuwa 15 a saman magangarar. Akwai wanka a wani kududdufi da ke daidai leɓen magangarar, wanda Turawa suka sa wa suna Kududdufin Shaiɗan. Sa'an nan akwai yawon jirgin ruwa da maraice a saman kogin, inda ruwa yake kwance, ana kallon dorina da kada har rana ta faɗi.

Abin Da Haɗaka Ta Tanada

Ba a raina tikitin haɗaka ba, domin yana da amfani na zahiri. Na farko, ya ɗauke wa baƙo wahalar sufuri. Wuraren wasannin nan a warwatse suke: filin jirage a wani gefe, mashigar kwazazzabo a wani gefe, tashar jirgin ruwa a can saman kogi. Mai tikitin haɗaka mota za ta ɗauke shi a ƙofar otal ta kuma mayar da shi. Na biyu, tsara lokaci ya zama aikin kamfani. In wasan safe ya makara, kamfanin da ya sayar da na yamma shi zai san yadda zai yi, alhali mai sayen ɗai-ɗai in ya makara to kujerarsa ta tafi. Na uku shi ne ragin kuɗi. Na huɗu kuwa, mutumin da kwana ɗaya ko biyu kaɗai gare shi, kamar ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya je taro ya ɗan sami sarari, ba shi da lokacin zagaya ofisoshi yana tambayar farashi.

Amma ya kamata a san dalilin ragin, domin ruwa ba ya tsami banza. Jirgin ruwan maraice zai tashi ko da mutum ashirin ko da arba'in, kuma man da zai sha da albashin ma'aikatansa kusan ɗaya ne. Saboda haka duk kujerar da ta tafi wayam asara ce, duk wanda aka ƙara kuma riba ce, ko da a rabin kuɗi ya shiga. Dabarar kamfani ita ce ya ɗaure hajar da kowa ke nema da wadda kujerunta ke saura, ya sayar da su tare. Har ila yau, da zarar baƙo ya biya dukan kuɗin yininsa a hannu ɗaya, ya fita daga kasuwa, sauran kamfanoni ba su da rabo a aljihunsa. Shi ma ma'aikacin otal ko dillalin da ya nuna takardar yana da la'adarsa, kuma la'adar babban tikiti ta fi ta ƙarami. Babu laifi ko ha'inci a cikin wannan, sana'a ce kurum. Abin lura shi ne an tsara haɗakar ne bisa bukatar mai sayarwa, sai mai saye ya duba ko ta dace da tasa.

Lissafin Ragi

A buga misali da alƙaluma na ƙiyasi, ba farashin wani kamfani ba. A ɗauka shawagin jirgi dala 150 ne, kwalekwale dala 120, jirgin maraice dala 50. Jimla dala 320. Kamfani ya ce a haɗe dala 280. A ido an sami ragin dala 40.

To, a ɗauka mutumin nan tun asali abu biyu ne suka kawo shi, shawagi da kwalekwale, waɗanda kuɗinsu dala 270 ne. Da ya sayi haɗaka bai rage komai ba, ƙarin dala 10 ya yi domin abin da bai nema ba. In ya shiga jirgin maraicen ya ji daɗinsa, to ya ci riba. In kuwa gajiya ta hana shi, ya biya 280 a kan kayan 270. Mafi muni, a ce hadari ya taso ya hana jirgin sama tashi, ga shi washegari zai bar gari. In sharaɗin tikitin bai tanadi mayar da kuɗi ba, ya biya 280 a kan kayan 170. Ko da za a mayar masa ma, sai ya tambaya tun da wuri: shin 150 cif za a ba shi, ko kuwa za a lissafa masa wasannin da ya yi a kan cikakken farashinsu a ba shi canjin 110? Wannan tambaya ɗaya tana iya cinye ragin gaba ɗaya.

Darasin shi ne, ragi ba ya zama ragi sai in mutum zai sayi dukan abin da ke cikin ƙunshin ko da ba a haɗa masa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kogi Ne Ke Da Kalanda

Babban abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba shi ne, ba kamfani ne ke yanke abin da zai yiwu a yi a Zambezi ba, kogin ne. Damina a can takan faɗo ne daga Nuwamba zuwa Maris, akasin ta ƙasar Hausa. Kuma yawancin ruwan daga nesa yake zuwa, daga arewa maso yammacin Zambiya da gabashin Angola, ya bi ta fadamar Barotse wadda ke riƙe shi tana sakinsa a hankali. Shi ya sa kogin ba ya cika maƙil a magangarar sai wajen Afrilu, bayan ruwan sama ya ɗauke, sa'an nan ya yi ta raguwa har ya kai ƙarshen ƙarancinsa a Oktoba da Nuwamba.

Kowane wasa da lokacinsa. In ruwa ya cika, feshinsa yakan tashi sama ɗaruruwan mita, ya lulluɓe magangarar har mai tsayuwa a ƙasa ba ya ganin komai sai fari fat. A wannan lokaci shawagin jirgi ya fi kowane abu daraja. Amma a daidai lokacin ne kwalekwale ke raguwa: akan tsallake kashin farko na kogin a fara daga tsakiya, wani lokaci ma a dakatar da wasan ɗungurungum na wasu makonni saboda haɗari. Kududdufin nan na leɓen magangara kuwa a rufe yake, ba a buɗe shi sai wajen tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, sa'ad da ruwa ya ja baya. In ruwa ya ragu kuma, kwalekwale ya kai ƙololuwar daɗinsa, amma ɓangaren Zambiya na magangarar yakan zama dutse tsirara. A ƙarshen 2019, bayan wani fari mai tsanani, hotunan wannan ɓangare sun bazu a duniya har wasu suka zaci magangarar ta ƙafe, alhali babban ɓangarenta da ake kallo daga Zimbabuwe yana ta zuba.

Ke nan tikitin haɗaka mai suna ɗaya da farashi ɗaya, abin da ke cikinsa a watan Afrilu daban yake da na watan Oktoba. Wanda ya biya tun yana gida, wata uku kafin tafiya, bai duba kalandar kogi ba, ya yi cinikin biri a sama. Mai sayen ɗai-ɗai yana da damar ya iso, ya dubi ruwa da idonsa, ya dubi sama, sa'an nan ya zaɓi abin da lokacin ya ba da.

Jiki Da Agogo

Abu na biyu da takarda ba ta aunawa shi ne ƙarfin ɗan Adam. Yinin kwalekwale yakan fara da sassafe. Bayan an yi wa mutane bayani, an ba kowa hular kwano da rigar hana nutsewa da filafili, sai a gangara cikin kwazazzabo da ƙafa. Wuraren tafasar ruwan sun fi ashirin, kowanne da lambarsa. Masana wasan sun kasa irin waɗannan wurare daraja shida bisa haɗarinsu, kuma da dama daga na Batoka suna daraja ta biyar. Na lamba tara ma ba a bi da baƙi ta cikinsa, sauka ake yi a zagaye shi ta kan duwatsu. Kifewar kwalekwale ba baƙon abu ba ne. Bayan an gama kuma, abin da mutane da yawa suka fi tunawa shi ne hawan fita, domin sai an hau bangon kwazazzabo mai tsayin kusan mita 200 ko fiye, cikin zafin rana, kuma a watan Oktoba zafin yakan haura digiri 35.

Mutumin da ya fito daga wannan da ƙafafu suna rawa, shi ne takarda ta ce zai yi tsallen igiya da la'asar, ko ya shiga jirgin ruwa da ƙarfe huɗu. Matashi mai jini a jika yana iya yi. Magidanci mai shekara hamsin da ya saba zaman ofis, da wuya. Taura biyu ba ta taunuwa. Banda haka, gajiya ita ce uwar kuskure: mai gajiya ba ya sauraron umarni da kyau, ba ya riƙo da ƙarfi, ba ya kuma lura in an ɗaura masa wani abu ba daidai ba.

Akwai kuma maganar zuciya. Mutum yakan ga hoton tsallen igiya a otal ya ce wannan ai ba komai ba ne. Sai ya tsaya a bakin gada, ya leƙa ya hango kogi kamar zare, sa'an nan ya san kansa. Ƙa'idar masu wannan wasa ita ce wanda ya fasa don tsoro ba a mayar masa da kuɗi. Wanda ya riga ya biya a cikin haɗaka yana tsakanin abu biyu, ko ya yi asarar kuɗinsa, ko ya tilasta wa kansa abin da ransa ya ƙi. Wanda bai biya ba kuwa yana iya zuwa gadar, ya kalli wasu suna yi, ya yanke shawara cikin natsuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin Da Ke Ƙasan Kwando

Kalmar "komai da komai" da akan rubuta a takardar talla tana bukatar bincike. Sau da yawa kuɗin shiga gandun gwamnati da kuɗin amfani da kogi ba sa ciki, a wurin ake karɓarsu. Hotuna da bidiyon wasan ma daban ake sayar da su. Biza kuma tana wuyan matafiyi. Wasu wasannin a ɓangare ɗaya kaɗai ake yin su, kamar kududdufin leɓen magangara, wanda ba a isa gare shi sai ta Zambiya. Tun 2014 ƙasashen biyu suka fito da biza ta haɗin gwiwa, amma ta 'yan ƙasashen da ke cikin wani jeri ce kawai, saboda haka wajibi ne kowa ya tabbatar da matsayin fasfonsa kafin ya biya kuɗin wasan da ke tsallaken iyaka.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Kuɗin jirgin maraice yawanci ya haɗa da abin sha ba iyaka, kuma giya ce babban kaso a ciki. Wanda lemo kaɗai zai sha ya taya wasu biyan abin da shi ba ya taɓawa, ya kuma zauna awa biyu a cikin taron da wataƙila ba zai so iyalinsa su zauna ba. Abincin rana da ke cikin ƙunshin ma nama ne da bai san yankansa ba, sai in ya yi magana tun da wuri. Kazalika yinin da aka cika shi maƙil daga asuba zuwa almuru ba a ware lokacin salla a cikinsa ba, ko da yake shari'a ta yi wa matafiyi sassauci.

Mai tafiya da iyali kuma ya sani akwai iyakar shekaru. Ba a ɗaukar yaron da bai kai 15 ba a kwalekwale, ba a kuma yarda wanda bai kai 14 ba ya yi tsallen igiya. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon baya, an hana su da yawa daga cikin wasannin. Gida mai mutum biyar da wuya a sami ƙunshi ɗaya da ya dace da kowa.

Wa Ke Riƙe Da Igiyar?

Ranar 31 ga Disamba 2011, igiya ta tsinke da wata matashiya 'yar ƙasar Ostareliya a wannan gada, ta faɗa cikin Zambezi ƙafafunta a ɗaure. Allah ya yi da sauran kwananta, ta yi iyo ta fita da raunuka. Labarin ya zagaya duniya, har ministan yawon buɗe ido na Zambiya na lokacin, Given Lubinda, ya je da kansa ya yi tsallen a watan Janairun 2012 domin ya kwantar wa baƙi hankali. Irin wannan haɗari ba kasafai yake faruwa ba, dubban mutane sun yi tsallen lafiya kafin ranar da bayanta. Amma ya isa ya tuna wa kowa cewa ba wasan yara ake saye ba.

Abin da ya haɗa wannan da zancen haɗaka shi ne, wanda ya sayar da tikiti ba lallai ne shi ke gudanar da kowane wasa ba. Dillali yana iya haɗa jirgin wannan kamfani da kwalekwalen wancan da igiyar wani, ya sa sunansa a sama. Mai saye bai san hannun wa zai sa ransa ba sai ya isa wurin. Mai sayen ɗai-ɗai yana da damar ya tambayi sunan kowane kamfani, da shekarunsa a aikin, da lasisinsa, da ko akwai masu ceto a ƙananan kwalekwale da ke rakiyar babba. Kafin kowane wasa kuma akan ba mutum takarda ya sa hannu cewa ya yarda da haɗarin da ke ciki. Sa'an nan inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa takan cire irin waɗannan wasanni daga abin da take biya, sai an nemi ƙari na musamman. Wannan ya shafi mai haɗaka da mai ɗai-ɗai baki ɗaya.

Inda Haɗaka Ta Yi Nasara

Kada mai karatu ya ɗauka sayen ɗai-ɗai ba shi da aibi. Yana da shi. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin cunkoson baƙi, wanda ya ce sai ya iso zai nema yana iya tarar da kujeru sun ƙare, musamman a kududdufin leɓen magangara inda adadin masu shiga a yini ƙayyadadde ne. Kuɗin tasi daga wannan wuri zuwa wancan yana taruwa. Baƙon da bai san gari ba kuma yana iya faɗawa hannun 'yan bakin titi masu rasit na bogi.

Akwai kuma haɗakar da babu mai hankalin da zai warware ta. Misali shi ne yinin gandun dajin Chobe a ƙasar Botsuwana, mai tazarar kimanin kilomita 70 zuwa 80, wanda ya shahara da garken giwaye. Akan ɗauki baƙi da safe, a tsallaka da su iyaka a Kazungula, inda ƙasashe huɗu suka kusan haɗuwa kuma aka buɗe sabuwar gada a watan Mayun 2021. Daga nan a shiga jirgin ruwa a kogin Chobe, a ci abinci, a zagaya daji a mota, a dawo da yamma. A nan hanya ɗaya ce, iyaka ɗaya, kuma duk a zaune ake yi. Wanda ya ce zai nemi motarsa daban, jirginsa daban, jagoransa daban, zai kashe fiye da haka ya kuma sha wuya. Haka nan wasanni ukun da ke kan gada, watau tsalle da lilo da silalowa: wuri ɗaya ne, ma'aikata ɗaya, kayan ɗauri ɗaya. Ga wanda ya tabbatar da zuciyarsa, sayensu a haɗe shi ne daidai.

Ma'auni

Daga duk abin da ya gabata ana iya fitar da ma'auni guda. Abin da hanya ɗaya da wuri ɗaya suka haɗa, a saye shi a haɗe. Abin da ya dogara da yanayin ruwa, da iska, da ƙarfin jiki, da ƙarfin zuciya, a saye shi daban, a ba shi yininsa. Kuma a rarrabe tsakanin haɗakar kuɗi da haɗakar yini. Kamfanoni da yawa sukan yarda a sayi wasanni a haɗe a sami ragin, amma a rarraba su a kwana biyu ko uku. Wannan ita ce tsaka-tsakiya mafi alheri, sai dai ba a cika tallata ta ba sai an tambaya.

Mai kwana uku, alal misali, yana iya ba yinin farko ga kallon magangarar da ƙafa, wanda shi ne asalin abin da ya kawo shi kuma shi ne mafi araha, ya ɗora shawagin jirgi a ranar domin in iska ta hana a sami damar ɗagawa. Yini na biyu ya bar wa kwalekwale shi kaɗai. Na uku ya tafi Chobe a haɗaka, ya huta a zaune. Kafin ya biya ko sisi kuma ya nemi amsar tambayoyi biyar a rubuce: me ke ciki kuma me ba ya ciki, wane kamfani ne ke gudanar da kowane wasa, nawa za a mayar in yanayi ya hana, ko ana iya ɗaga wani wasa zuwa gobe, da kuma ko akwai tsallaka iyaka.

Ma'aunin nan bai tsaya a Zambezi ba. Mai zuwa Yankari ta Jihar Bauci ma yana iya aiki da shi. Zagayen daji a mota, da ziyarar kogunan dutse na Marshall, da wanka a ruwan ɗumi na Wikki, duk a cikin gandu ɗaya suke, hanya ɗaya ta haɗa su, saboda haka haɗa su a yini ba laifi. Amma ko a can lokaci ne ke mulki, domin namun daji sun fi ganuwa a ƙarshen rani, sa'ad da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji, kuma babu tikitin da zai sauya wannan.

Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru domin ya ga ikon Allah a wata ƙasa bai kamata ya dawo da labarin gudu daga mota zuwa mota ba. Yawan wasannin da aka lissafa a rasit ba shi ne ribar tafiya ba, ribarta ita ce abin da ido ya gani cikin natsuwa, da kuma dawowa gida lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.